Siginar Hagu a Titin Chinade

Rantsuwar ce ta fi damun Yunusa. Da ya yi shiru a ƙofar asibiti, da abin ya zo masa da sauƙi. Amma mutum ne mai saurin baki, sai da ya ɗaga hannu a gaban surukarsa Hajiya Kande da matarsa Suwaiba, ya ce wallahi tallahi siginar hagu ya kunna.

Duk mai bin titin Chinade zuwa Azare ya san abin da hakan ke nufi. Idan motar da ke gabanka ta kunna hagu, tana gaya maka kada ka wuce, wani abu na tahowa. Idan ta kunna dama, ta ba ka hanya ke nan, ka taka. Ba wanda ya koyar da wannan a aji, amma ɗan acaɓa ya fi yarda da shi a kan idonsa, balle a bayan jif ɗin Yunusa, tsohuwar da ake labta wa buhunan gero har ta tare wa na baya gani.

Ranar Talata Najmuddeen, ƙanin Suwaiba, shi ne a bayan jif ɗin da babur. Ya fito zai wuce, ya haɗu da tifar yashi. An yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, “Yaya Yunusa ne ya ba ni hanya.”

Tun daga ranar Suwaiba ba ta sake kwana a gidan mijinta ba. Ta ce masa, “Malam, ɗaya daga cikinku ƙarya yake yi, kuma ban ga abin da mai ƙafa ɗaya zai samu da ita ba.” Da ya matsa mata, sai ta ce za ta zo bayan la’asar ta ga motar da idonta.

Ga kuma motar, tun da ya kauce ya faɗa da ita kududdufi a wurin hatsarin, sigina ta mutu murus. Hagu shiru, dama shiru. Me zai nuna mata?

Da hantsi ya kai ta rumfar Baba Kolawole mai wayarin, a bayan tasha. Baba Kola ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasu ’yan gari, kuma ba ya gyara mota sai ya fara zagin wanda ya taɓa ta kafin shi. Ya buɗe akwatin fis, ya zaro wani da aka naɗe da takardar kwalin sigari.

“Malam Yunusa, wannan fis ne ko alewa?”

“Baba, don Allah ka bar wasa. Aurena ne a kan fitilar nan.”

Baba Kola ya dube shi, ya bar wasan. Ya sa sabon fis, suka murɗa makulli, Yunusa ya danna sandar sigina. Babu komai. Ya kwance gilashin fitilun gaba ya duba ƙwayayen a rana, duk lafiya lau. Ya kankare tsatsar da ke inda waya take kama ƙarfen bodi, nan ma shiru. Yunusa sai zagaya motar yake yi yana duban rana. Aka kira azahar, ya yi sallar da shi kansa bai san me ya karanta a ciki ba.

Da ya dawo ya tarar da Baba Kola kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje. Ya fito da wani ɗan gwangwani mai ƙafa uku, ya girgiza shi a kunne, ruwan laka ya ɗiga a hannunsa.

“Ga mai laifin. Filasha ke nan, ita ke sa fitila ƙiftawa. Ta sha ruwa ta ƙoshi.”

“A sa wata.”

“Irin ta motarka? Tun ina saurayi rabona da ganin sabuwa. Je ka wurin Chidozie mai kayan gyara, ka ce ya zazzage maka kwalin tsofaffi.”

Yunusa ya ruga, babban mutum da gemu yana tsallake kwata da gudu, masu shayi suna bin sa da kallo. Ya dawo da filasha iri-iri a aljihun riga, hannunsa baƙi ƙirin. Ta farko ko motsi ba ta yi ba. Ta biyu ta kunna fitila ta ƙi ƙiftawa. Da aka sa ta gaba, sai motar ta ɗauki ƙara, ƙas, ƙas, ƙas.

Ya danna hagu, ya diro ya zagayo gaba. Fitilar hagu na ƙiftawa. Yunusa ya dafa bonet, hawaye suka zubo masa, yana ta maimaita alhamdulillahi. Bai lura ba Baba Kola ya zagaya baya.

“Malam Yunusa, zo nan.”

Ya je. A baya, fitilar dama ce ke ƙiftawa, tas, ba ko gargada.

“Filashar ce,” in ji Yunusa. “Ba tata ba ce, shi ya sa.”

“Filasha ba ta san hagu da dama ba.”

“To ruwan ne.”

“Ruwa ba ya ƙulla waya.”

Baba Kola ya shige ƙarƙashin motar ya bi wayoyin da hannu, ya jawo wani ƙulli da aka ɗaure da tsinken leda. Wayoyi biyu ne, duka ja, irin waɗanda ake ja wa ɗaki wuta. Ya fara tambayar wane jaki ne ya yi wannan aikin, sai ya ga fuskar Yunusa ya haɗiye sauran.

Yunusa ne da kansa. Farkon damina kututture ya tsinke masa wayoyin baya a hanyar Sakwa, ya zauna a gindin tsamiya ya haɗa su da ragowar wayar da ke cikin mota. Kuma ya gwada, ai ba sakarai ba ne. Sai dai shi kaɗai ne a dajin, don haka dabul sigina ya kunna, ya zagaya ya ga fitilu huɗu suna ƙiftawa tare, ya kaɗe hannu ya yi gaba. A gaban sitiyari kuwa koren ƙwai ɗaya ne tal, ko ina ka danna shi ke amsawa. Duk daminar nan yana cewa kada a wuce, bayan motarsa na cewa a wuce.

Ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar hatsarin.

Baba Kola ya ce a hankali, “Dole dai a juya su, ba zan bar ka ka hau titi haka ba. Abin tambaya, yanzu ko bayan matarka ta gani?”

Aka kira la’asar. Yunusa ya tuna gidansa ba hayaƙi a madafa, da ’yarsa Jannatu da ke tambayarsa kullum yaushe Umma za ta dawo.

“Juya yanzu.”

Baba Kola ya shiga ƙarƙashin motar, ya juya wayoyin.

Suwaiba ta zo rumfar a ƙafa, da kwanon abincin asibiti a hannu, idanunta sun kumbura. Ta gaida Baba Kola, ta tsaya a bayan motar. Yunusa ya shiga ya danna hagu. Ta duba baya, ta zagaya ta duba gaba, ta sa ya sake, ya sake. Hagu a gaba, hagu a baya.

Sannan ta ajiye kwanon, ta durƙusa a bakin ƙofar motar, zaninta cikin mai.

“Malam, ka yafe mini. Na zalunce ka.” Ta sunkuyar da kai. “Ashe Najmu ne bai duba ba. Zan je in gaya wa Inna a gabansa, ya daina ɗora wa mutane abin da ya jawo wa kansa.”

Abin da Yunusa ya wuni yana gudu a kai ke nan, ga shi ya samu. Ya dubi matarsa a durƙushe, ya hango Najmuddeen a kan gado ana gaya masa idonsa ma ƙarya ya yi masa. Baba Kola ya juya baya yana ta goge sukundireban da ba shi da datti.

“Tashi,” in ji Yunusa. Ba ta tashi ba. “Suwaiba, don girman Allah ki tashi.”

Ya leƙo ta taga. “Baba, mayar da su yadda ka same su.”

“Ka tabbata?”

“Mayar.”

Suwaiba ta bi su da ido, ba ta gane ba. Baba Kola ya shiga ƙarƙashin motar, ya ɗan jima, ya fito ya koma gefe.

“Koma baya ki tsaya inda kika tsaya ɗazu,” Yunusa ya ce mata. “Ki fara kallon hannuna tukuna.”

Ya danna sandar zuwa hagu a gabanta, a hankali, don ta gani da kyau. Ta taka zuwa bayan motar. Yunusa ya gyara madubi, ya ga hasken fitilar dama yana bugun zaninta, ya ga ta ɗora hannu biyu a ka.