Tawadar Allo a Alƙalamin Baba

Tun da ruɗewar tsufa ta kama Baba Abdulwahid, abu ɗaya ya rage da ke haɗa shi da 'yarsa Larai, wato tsohon alƙalaminsa mai shan tawada, wanda ya yi aikin akawu da shi a tashar jirgin ƙasa ta Iddo. Kullum da hantsi sai ya zauna a ƙofar ɗakinsa a Agege, ya sa hannu a gefen tsohuwar jarida, ya ɗago ya ce, "Larai, kai wa oga." A nan kaɗai yake gane ta. Sauran yinin kuwa baiwar Allah yake kiranta, ita da ke dafa masa abinci tana wanke masa kaya.

Ranar da tawadar kwalba ta ƙare, Larai ba ta ga dalilin shan wahalar shiga motar haya ta danfo don sayo wata ba. Ta leƙa wurin malamin unguwa ta samo tawadar allo, har tana faɗa wa kanta wannan ma ta fi albarka. Washegari alƙalami ko ɗigo ya ƙi yi. Sai ta ƙara da wata dabarar, ta tsoma shi a tafasasshen ruwa, ya fito a lanƙwashe kamar ayaba.

Ta kai wa Baballe mai gyaran agogo a bakin titin jirgi, domin shi kaɗai ya rage da ya san kan irin waɗannan. Ya kwance shi a hankali, ya sansana.

"Hajiya, ƙaro ne a tawadar allo, shi ya bushe ya toshe hanya," in ji shi. "Da nan kika tsaya, da ruwan sanyi ya sake shi. Ruwan zafin ne ya gama da shi."

"Malam Baballe, ka taimake ni. Baba ya daina kiran sunana."

Baballe bai yi mata ƙarya ba, ya ce an daɗe da daina yin irinsa. Duk da haka ya sa aka yi cigiya har cikin birnin Eko, ba a dace ba. Ƙarshe ya zare bakin alƙalamin na zinare, ya ɗora shi a jikin wani baƙin alƙalami mai kama da na da. Da ya gwada, rubutu ya fita sumul.

Larai ta dawo gida. Ta shimfiɗa wa mahaifinta jarida, ta sa masa alƙalamin a hannu. Tsoho ya jujjuya shi, babban yatsansa na laluben wani ɗan gurbi da shekaru suka cinye a jikin na da. Bai same shi ba. Ya miƙa mata da hannu biyu, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, wannan na wani ne," ya ce. "Ki kira mini Larai, ita ta san inda nawa yake."