Muryar da Aka Ara wa Aimé

A Sète, garinmu na bakin teku a kudancin Faransa, kowa ya san fim ɗin nan, har wanda bai taɓa zama ya kalle shi ba. Wasu samari ne daga Paris suka sauko da kyamara a kafaɗa, a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, lokacin da ake yayin barin ɗakunan ɗaukar fim a fito titi. Duk wanda ya gifta ta gabansu sai ya tsinci kansa a ciki. Masana sun cika littattafai a kansa, wai daga irinsa ne duniya ta koyi sabon salon fim. Mu dai abin da muke kallo daban ne: ga bakin ruwa yadda yake a da, ga kakar wane tana shanya.

Ni ce nake riƙe da ƙungiyar masu kallon fim ta unguwarmu. Ranar Lahadi da la'asar a nuna fim, a kunna fitila, sannan a yi ta musu har sai wani ya yi fushi. Duk shekara sai na saka wancan fim ɗin, ba don masana ba, don Josiane Cabrol.

Josiane ƙawata ce tun muna makaranta. Mahaifinta Aimé mai kifi ne, teku ta tafi da shi tun tana rarrafe. Uwarta har ta mutu ba ta yarda ta kalli fim ɗin ba, kuma ba ta son a yi zancen mijin. Saboda haka abin da Josiane ta mallaka na ubanta shi ne wuri ɗaya a tsakiyar fim: jarumar ta tsaya gaban teburinsa, ya naɗe mata kifi a takarda, ya ce, "Tafi gida, 'yata, iska za ta tashi." Idan aka zo wurin, bakin Josiane yana motsi tare da nasa. Tana alfahari da cewa ubanta, mai kifi, yana magana tsaf kamar mutanen rediyo.

Muryar ba tasa ba ce. Tsofaffin da suka san Aimé sun sani, ni ma na sani daga karance-karancena. Babu wanda ya taɓa haɗa baki da wani, kowa dai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Bana aka gyara fim ɗin, aka aiko mana da shi tare da wani matashi mai sharhi, Thibault Vasseur. Na yi niyyar in ja shi gefe kafin a fara, amma jirgin ƙasansa ya yi latti, bai iso ba sai da aka kashe fitila. Har fim ya ƙare ban samu damar raɗa masa komai ba.

Yaron kirki ne, wannan ne ma abin haushin. Da mai girman kai ne da na san yadda zan yi da shi. Yana son fim ɗin kamar shi ya haife shi, yana magana hannuwansa na yawo a iska. Ya yi bayanin yadda samarin suka yi wa tsofaffin daraktoci tawaye, da yadda har yau masu fim a ƙasashe masu nisa suke kwaikwayonsu. Sai ya ce akwai wani sirri game da sauti da zai ba mu mamaki.

Tsoho Norbert, wanda yakan yi barci a kowane fim ya farka ya fi kowa musu, ya gane inda aka dosa. Ya ɗaga sandarsa.

"Kai ɗan Paris, bar mu da sauti. Ka taɓa fere kifi a rayuwarka, ko a faranti kawai kuke gaisawa?"

Aka yi dariya, Thibault ma ya yi. "Ban taɓa ba, Baba. Amma tunda ka kawo zancen kifi, mu ɗauki mai kifin nan."

Na ce lokaci ya ƙure, a zo a sha wani abu. Bai ma ji ni ba. Ya ce kyamarar wancan zamanin ƙara gare ta kamar keken ɗinki, don haka ba a ɗauki sauti ko ɗaya a garin nan ba. Daga baya ne aka ɗora muryoyi a Paris. Ɗan wasa guda ne ya yi muryar mai kifi da ta direban bas da ta limamin coci.

"Ku saurari harshensa da kyau," in ji shi, yana murmushi. "Akwai ɗan Sète mai magana haka?"

Josiane ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"To kalmomin fa, yarona? Su dai nasa ne ko?"

"A'a, Madam. Darakta ne ya rubuta su daga baya. Mutanen titi cewa ake yi su faɗi duk abin da ya zo bakinsu. Wasu ma ƙirge kawai suke yi."

Ta gode masa. Norbert ya sunkuyar da kai. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ko abincin da aka jera babu wanda ya taɓa. A bakin ƙofa wani ya raɗa wa Thibault ko wace ce ita. Ya dawo fuskarsa ta yi fari fat, yana ta ba da haƙuri. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya je kada jirgi ya bar shi, ai aikinsa ya yi.

Muka rage mu biyu, ni da Josiane. Na jira ta tambaye ni ko na sani. Ba ta tambaya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Ghislaine, maimaita min wurin. Ki kashe sautin," ta ce da ni.

Na maimaita. Ga Aimé yana naɗe kifi, bakinsa yana motsi, babu abin da ke fitowa. Sai a ranar na lura bakin ya ci gaba da motsi bayan inda maganar takan ƙare. Josiane ta matsa har gaban allon, ta ƙura wa leɓɓansa ido. Ta sa na sake, na kuma sake. Ta gwada kalma nan, ta gwada can, babu wadda ta zauna. Ni da na kwashe rayuwata ina yi wa mutane bayanin fim, sai ga ni ina ta maimaita mata wurin kawai. Tausayinta ya cika ni.

Daga ƙarshe ta ce ya isa. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya tana kokawa da maɓallin rigar sanyinta.

"Ba fim ɗin ne ya dame ni ba, ƙawata," ta ce. "Yakan zo min a mafarki, kuma da muryar nan yake kiran sunana. Yanzu in ya zo, da wace murya zai kira ni?"