Kawu Ya Canza Batir

Ranar Talata Direba ya kawo kaset ɗin gem, a naɗe cikin safa. Mai jan babbar mota ne, dogo, magana ba ta dame shi ba. Ya wuce Kawu da ke bakin shago yana kwance bayan wata talabijin, ya taho har lungun da teburina yake.

"Kai ne mai tsofaffin gem?"

Na ce ni ne.

Shagon na Kawu ne, ƙanin Ummata, gyaran rediyo da talabijin yake yi tun ba a haife ni ba. Da na bar makaranta na gwada faci, na gwada ɗinki, na gwada kanti, babu inda na cika wata biyu. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni: wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, wadda na dasa a cikin kwandon mataccen rediyo. Na loda mata manhajar da ke sa ta yi aiki kamar injin gem na da. Ka jona ta da talabijin, sai ga wasannin da yayyenmu suka buga suna yara. Kawu yana kiranta akwatin zaman banza. Ni kuma yana ce mini Injiniya, amma ba da muryar yabo ba.

Direba ya zare kaset ɗin daga safar ya ajiye a hankali. Na ƙaninsa ne, wanda suke kira Zomo, ya rasu shekara ashirin da biyu da suka wuce. Injin ya daɗe da mutuwa. Amma a cikin kaset ɗin akwai ajiyar wasan Zomo: sunansa da ya rubuta da hannunsa, da inda ya tsaya.

"Shekara uku da suka wuce na gan shi a injin wani abokina, yana nan," in ji shi. "So nake ka kwashe shi zuwa irin akwatin nan naka, yarana su gani. Za ka iya?"

Ba a taɓa tambayata ko zan iya wani abu da wannan fuskar ba. Na ce ya dawo Asabar.

Ga yadda abin yake. A irin waɗannan kaset ɗin, ajiyar tana zaune ne a wani ɗan ƙaramin guntu wanda ba ya son wuta ta yanke masa ko na ƙiftawar ido. Wani batir mai kamar maɓallin riga ne yake ciyar da shi. Ka cire batirin, komai ya tafi. Na buɗe kaset ɗin na ɗora mita. Batirin ya tsufa, gefensa ya fara tsatsa, amma da sauran rai. Aikina shi ne in haɗa na'urar da za ta karanta ajiyar ta zuba a kwamfuta, sannan a yi maganar batir.

Kwana uku ina kan wannan na'urar. Waya talatin da wani abu na liƙa da dalma, ɗaya bayan ɗaya, yatsuna duk ƙuna. Ranar Juma'a da safe na ga saura soket ɗin da kaset zai shiga. Na bar kaset ɗin a buɗe cikin durowa, na manna takarda a murfinsa na rubuta KAR A TAƁA, na tafi layin masu sayar da kayan gyara.

Da na dawo wajen sha ɗaya, kaset ɗin yana kan tebur. An rufe shi, an goge shi, har yana sheƙi. An ɓare takardata an manna ta a jikin fanka.

"Na canza maka batir," in ji Kawu, ko juyowa bai yi ba. "Na shiga durowarka neman sukudireba na ga abin tausayi. Kai da kake Injiniya, ka bar ruɓaɓɓen batir yana cin allon kaset ɗin mutane."

Na liƙa soket ɗin, na soka kaset, na kunna. Wasan ya tashi lafiya, da kiɗansa. Na shiga wurin ajiya. Gidajen ajiya uku ne, duka ukun fayau.

"Kawu."

"Na'am."

"Ka iya karatu?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Me ka ce?"

"Na ce ka iya karatu? Ni ne na bar makaranta, amma ni na rubuta, kai ka kasa karantawa."

"Kai, ɗan nan, ka san da wa kake magana?"

"Da wanda ya kashe Zomo karo na biyu."

Na yi masa bayani, amma ba irin bayanin da ake yi wa babba ba. Ina yi ina buga tebur, dalma tana zubewa ƙasa. Mai shagon kusa, wanda ke gyaran agogo, ya leƙo ya ce lafiya, Kawu ya ɗaga masa hannu ya koma.

"Shekara arba'in ina wannan aiki," in ji Kawu. "Ban taɓa ganin abin da sabon batir ya ɓata ba."

"To yau ka gani. Garin gyaran gira ka tsone ido."

"Ai da ka faɗa mini."

"Na rubuta."

"Rubutu daban, faɗa daban. Kwana uku kana zaune a bayana kamar kurma. Da ka buɗe baki ka ce Kawu, batirin nan shi ne ran abin, bakinka zai yage ne?"

Wannan ce ta fi ƙona mini rai, don gaskiya ce. Ban faɗa masa ba saboda na san zai yi dariya ya ce akwatin zaman banza ya samu kwastoma. Na zaɓi in yi wa takarda magana.

Kawu ya daɗe tsaye yana kallon gidajen nan uku. Sannan ya rage murya.

"Ba suna ba ne kawai? Harafi huɗu. Rubuta masa. Ka buga wasan ka kai shi can gaba. Shekara ashirin da biyu, wa zai tuna?"

"Haka kake yi wa masu talabijin?"

"Ina gyara wa mutane abin da ya ɓaci su tafi gida da farin ciki. Kai me ka taɓa gyarawa?"

Abin kunyar shi ne na yi abin da ya ce. Bayan azahar na zauna na buɗe wasan a akwatina. Manhajar tana bari ka ninka gudun wasa, kuma in ka mutu ka koma baya kamar ba a yi ba. Abin da ya ci wa Zomo watanni, na wuce shi kafin la'asar ta yi sanyi. Na rubuta ZOMO. Ya zauna daram a gida na farko, ba mai cewa ba nasa ba ne. Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ka gani? Injiniya." Wannan karon da gaske yake yabon, kuma ji na yi kamar ya tofa mini yawu.

Asabar da hantsi Direba ya zo, ya ce ya ajiye motarsa can bakin titi, ba zai daɗe ba. Akwatin yana jone da talabijin. Maɓalli ɗaya zan danna. Kawu ya jawo masa kujera har yana share ta da tsumma.

"An samu?" in ji Direba.

Na dubi hannunsa. Ya riga ya fito da safar, yana murza ta.

"Ba a samu ba," na ce. "Yana nan lokacin da ka kawo. An cire batirin kafin in kwashe, ya goge. Ba ya dawowa."

Kawu ya yi gyaran murya. Ban kalle shi ba.

"Wa ya cire?" in ji Direba.

"A hannuna ka bar shi."

Direba ya ci gaba da murza safar. Da ma zagina ya yi. Na shirya wa zagi, har na tanadi abin da zan mayar.

"Ni na cire," in ji Kawu. "Yaron ya rubuta kar a taɓa."

"Ba yaro ba ne ni," na ce. Ban san dalilin da ya sa wannan ce ta fito ba.

Direba bai kula mu ba. Ya ɗauki kaset ɗin ya juya shi, ya shafa inda aka goge. "Har dattin kun wanke," ya ce. Sannan ya ɗago. "Ina tsohon batirin?"

"Babu komai a cikinsa, Malam," na ce. "Ba a batirin ajiyar take ba."

"Na ji. Ina yake?"

Kawu ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, inda yake jefa matattun batura. Ya juye shi a ƙasa. Sun fi ɗari, duk kamarsu ɗaya, wasu suka gangara ƙarƙashin talabijin ɗin mutane. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo yana tona su da yatsa, yana ɗaga kowanne zuwa haske. Na tsaya ina kallonsa, ban taya shi ba. Ya daɗe kafin ya samo mai tsatsa a gefe, da guntun ƙafafu biyu inda ya datse shi.

Direba ya karɓa, ya jefa shi cikin safar tare da kaset ɗin, ya ƙulle bakinta. Ya tsaya a ƙofa.

"An ce mini kai ne ka san abin nan a duk layin," ya ce. Ya fita.

Kawu yana nan a ƙasa yana mayar da batura cikin gwangwani ɗaya ɗaya. Na koma teburina na buɗe ajiyar ƙaryar da na yi jiya, na goge ta.

"Da ka danna masa, da yanzu yana sa maka albarka," in ji Kawu.

Na zare wayar akwatina daga bango, na naɗe ta, na rungumi akwatin da na'urar mai waya talatin.

"Ina za ka da su?"

"Inda ba a neman sukudireba."

"Me zan ce wa uwarka?"

"Ka rubuta mata," na ce, na tsallake baturan na fita.