Izinin Zaman Wa?

"Na sallama," in ji dillalin, ya miƙo hannu. "A madadin mai gida, na sallama. Alhaji, ka tsinci gida."

Na kama hannun na girgiza. Shekara arba'in ina fataucin kayan mota tsakanin ƙasashe, ban taɓa sayen abin da ban ƙwanƙwasa ba. Wannan ma na ƙwanƙwasa bangonsa, na buɗe ƙofofi na rufe, na leƙa banɗaki. Ɗaki biyu da falo, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, kuma asibitin da ake wa matata wankin ƙoda yana tsallaken titi. Wannan ne ya kawo mu ƙasar mutane. Wata biyar muna rakuɓe wurin 'yarmu a hawa na huɗu, sau uku a mako ana sauko da Hajiya a kan kujera kamar buhu.

Dillalin namu ne, harshenmu yake ji, ya daɗe a can. Gajere muke ce masa. Saboda Hausar bakinsa na saki jiki, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Ranar sa hannu 'yata tana wurin aiki, sai Gajere ya zama tafinta. Lauyar da za a sa hannu a gabanta wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta karanta, ta karanta, sai ta tsaya a wani layi ta ɗora yatsa, ta dube ni ta yi magana.

"Me ta ce?"

"Maganar izinin zama take yi, Alhaji."

Na yi dariya, na zaro katina na zaman ƙasa na ajiye mata a tebur. "Gaya mata shekara biyar aka ba ni. Ba ta ɓarauniyar hanya na shigo ba."

Matar ta turo mini katin, ta girgiza kai, ta sake buga layin da yatsa, har sau uku.

"Yanzu kuma fa?"

"Ka san su da ƙa'ida. Cewa take in ka yarda da maganar izinin zaman, ka sa hannu a nan, kada gobe ka ce ba a faɗa maka ba."

Na sa hannu. Har da yi wa matar kallon raini.

Bayan kwana uku muka je ofishin ruwa da 'yata a sa mana mita. Ma'aikacin ya duba takardu ya nemi wata. Da na ji kalmar nan da lauyar ta yi ta nanatawa, na sake zaro katin. Sai na ga fuskar yarinyar ta canza.

"Baba, mayar da shi aljihu. Ba naka ake nema ba. Na gidan."

"Gida ma sai an ba shi biza? Daga wace ƙasa ya zo?"

"Takarda ce da hukuma ke bayarwa, cewa ginin ya dace mutum ya zauna a ciki. In babu ita, ba ruwa, ba wuta. Kuma ga inda ka sa hannu cewa ka sani babu, ka saya a haka."

Na biya aka turo mai duba gini. Bai yi minti goma ba. A rajistar hukuma, wurin sito ne. Ɗakin kwana ba shi da taga, labule aka rataya a jikin bango, ni kuma da na zo ƙwanƙwasa ban ɗaga shi ba. Tsayin rufin ya gaza ƙa'ida da yatsa huɗu. Na ce a ɗaga. Ya nuna sama: hawa biyar na mutane ke kai.

Na sami Gajere a shagon aski, an lulluɓe shi da zane, rabin kai a aske.

"Kai, ɗan iska! Sito ka sayar mini in kwantar da mara lafiya?"

"Haba Alhaji, da girmanka. Na ce izinin zama ko ban ce ba?"

"Na wa?"

"Ka tambaye ni na wa? Kati ka zaro kana cika baki. Ni in ƙaryata babba a gaban baƙuwa?"

"Matar nan sau uku ta yi ƙoƙarin ceto na!"

"Sau uku na fassara. Kalma ɗaya ban ƙara ba, ban rage ba. Mu je ko'ina."

Na ɗaga kujera. Wanzamin ya riƙe ni ta baya, yana ta magana da yarensu. Abin da ya fi ƙona mini rai, a kan fassarar bai yi ƙarya ba. Lauya biyu na gani bayan nan, duk abu ɗaya suka ce: an faɗa maka, ka sa hannu.

Da na koma wurin 'yarmu, Hajiya, da muka ɓoye wa maganar, ta riga ta ɗaure kayanta tun mako guda, tana zaune kusa da su.

"Yaushe za mu tare?"

Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi. Cewa kawai ta yi wa 'yarmu, "Kwance mini ƙullin magungunan."

Jikinta bai iya jiran shari'a ba. Muka kama haya a bayan gari, inda ƙarfinmu ya kai, mota biyu kafin asibiti. Ranar wanki takan dawo a kwance a kafaɗata, tana amai a leda.

Sitona kuwa wani mai sayar da taya ya karɓa, shi bai buƙatar ruwa. Gajere ya ci la'adarsa. Mai gida ya rabu da abin da ya yi shekara bakwai yana neman wawan da zai saya. Ni na yi asarar dukiya, wannan da sauƙi, na saba. Wadda ta yi babbar asara ita ce Hajiya, da ba ta sa hannu a komai ba.