Muryar Lado a Djougou

Shekara uku bayan Dahomey ta sami 'yancin kai, wani Bature malamin makaranta da zai koma gida ya sayar wa Abduljalil majigi da fim guda ɗaya. Abduljalil jikan fataken goro ne na Djougou, amma a Parakou yake zaune. Fim ɗin tsoho ne na ƙasar Japan, marar magana, daga wasan dandalinsu na gargajiya aka ɗauko shi: maza da takubba, fuska fari fat, matan ma maza ne suka yi shigarsu. Ranar da aka fara nuna shi kusa da tashar jirgi, bai kai rabi ba mutane suka watse.

Sai Abduljalil ya nufi amininsa Lado mahauci, wanda ko nama yake yanka bakinsa ba ya hutawa.

"Lado, zo ka ba mutanen fim ɗin nan baki."

Lado ya kalli fim ɗin sau huɗu, ya fahimci labarin barori ne da aka kashe musu ubangida. Kullum bayan magariba sai ya tsaya gefen farin ƙyalle yana yi wa kowa murya, da Hausa, yana surkawa da Dendi. Wata biyu direbobin manyan motoci suna cika filin. Abduljalil ya yi alkawarin bayan salla za su kai fim ɗin Djougou tare.

Ana saura mako, ya zo da akwatin ɗaukar murya, ya ce don tarihi ne kawai. Ran nan Lado ya zage ya yi iyakar yinsa.

Salla ta wuce, shiru. Wani direba da ya tsaya sayen nama ya ce, "Shekaranjiya na ji ka a Djougou, amma ban gan ka ba."

Washegari Lado ya hau mota. Ya tarar da fili maƙil, ga akwatin a kan kujera daidai inda ya kamata ya tsaya, yana kuka da muryarsa.

Abduljalil ya hango shi, ya taho yana murmushin yaƙe. "Ai hutar da kai na yi, ga sana'arka."

"Da ka roƙa, da na ba ka," in ji Lado.

Bai tsaya an gama ba, ya koma tasha. Bayan Abduljalil ya dawo Parakou sukan haɗu a masallaci su gaisa, iyakarta ke nan.