Mijina Ba Ya Son Abinci Mai Sanyi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata a Damanhur, a nan Masar, kafin na ajiye aiki. Da zaman gida ya ishe ni, sai na karɓi wani ɗaki a saman kantin maganin ƙanen mijina, na zuba kujeru takwas da allo. Ɗalibaina duk matan aure ne da mazajensu ke Ingila, waɗanda ba za a ba su izinin bin mazan ba sai sun ci jarrabawar magana da Turanci. A Iskandariya ake yin ta. Akan zaunar da mutum biyu gaban mai jarrabawa, ta yi musu tambayoyi, sannan su yi wa juna, a kan gida ko kasuwa ko abinci. Yawancin ɗalibaina wata uku ya ishe su.

Ummu Ramzi ta yi wata tara a wurina. Sunanta na yanka Fathiyya, shekarunta hamsin da takwas, kuma ita ce ke fara zuwa kullum, ta goge allon da gefen mayafinta tun ban iso ba. Mijinta ya shekara goma sha tara yana aiki a wani gidan gasa burodi a Bradford, yana leƙo gida duk bayan shekara biyu. Ba ta taɓa sha'awar bin sa ba, sai da ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗansu Ramzi yana tuƙin mota a Kuwait da iyalinsa, ba shi da hanyar zuwa. Asibiti suka ce idan babu mai jinyar tsohon a gida zuwa ƙarshen Nuwamba, za su kai shi gidan tsofaffi, ya saki ɗakin da yake haya. Lauyansa kuma ya ce idan ɗakin ya tafi, takardunta sun tashi a banza, don ba a ba mace izini sai da wurin da za ta sauka.

Sau biyu ta shiga jarrabawar tana faɗuwa. Na farko tsoro ne ya kulle mata baki. Na biyu aka tambaye ta abincin da ba ta so, ta ce alhamdu lillahi, ta yi shiru har lokaci ya ƙare. Saura dama ɗaya, a makon farko na Nuwamba.

Saboda ita na dawo da darasin abinci, na shimfiɗa shi mako uku. Ina da katunan hotuna da na yanko daga tsofaffin littattafai, kowanne da sunansa a baya. Na ɗaga na karin kumallon Turawa, na faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya suna maimaitawa: ƙwai, burodi, wake. Na bayyana musu cewa waken nan a ruwan tumatir mai zaƙi yake.

Sausan, wata matashiya mai bakin tsiya da mijinta ke wankin mota a can, ta dafe ƙirji, ta kira ni Abla, yadda muke kiran malama a nan. "Sukari a wake? Abla, ki faɗa mana gaskiya, horo aka yi musu?"

"Haka suke so. Ki faɗa da Turanci: suna son wake mai zaƙi."

"Zan faɗa, amma Allah ya sani ba da zuciya ɗaya ba."

Na ɗaga na dafaffen ganye, ba mai, ba tafarnuwa. Na ɗaga na burodi mai sanyi da aka cusa wa cuku aka yanka gida biyu, na ce wannan shi ne abincin ranar yawancinsu. Ummu Ramzi ta karɓi katin ta kawo shi kusa da ido.

"Shekara goma sha tara yana cin wannan?" in ji ta. "Ai dole jiki ya shanye."

Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Sai muka zo kan abin da nake tsoro. Na ce kowacce ta faɗi abu ɗaya da take so da ɗaya da ba ta so. Sausan ta miƙe ta ce da Turanci mai kyau tana son tantabara da aka cusa wa shinkafa, ba ta son miyar kuɓewar surukarta.

"Ko surukar," wata ta ƙara daga baya.

"Wannan ba ya cikin darasi," in ji Sausan. "Hajja, ke ce. Ki zagi kifi mu ji."

Ummu Ramzi ta ce da Turanci, a hankali, "Mijina yana son miyar lalo da naman zomo. Ɗana yana son tantabara."

"Madalla," na ce. "Ke fa?"

"Ni abin da ya rage nake ci, Abla."

"To, wanda ba kya so."

Ta girgiza kai. "Abinci ni'imar Allah ne. Da wane baki zan ce ba na so? Uwata ta taɓa marina don na ce wa miya ta yi gishiri." Mace ce da idan ta ga gutsuren gurasa a kan titi sai ta sunkuya ta ɗauka, ta sumbata, ta kai goshi, ta ajiye a jikin bango. Na sha ganin haka a matakalar ajin.

"Ba sai gaskiya ba, Ummu Ramzi. Ba ruwansu da abin da kike ci. Turancin kawai suke son ji."

"To ƙarya zan yi wa kifi? Me ya yi min?"

"Hajja, kifin ba zai kai ƙara ba," in ji Sausan.

Kwana biyu ina juya abin a raina kafin na samo mafita. Tana da hawan jini, likita ya hana ta kayan tsami da ake jiƙawa a ruwan gishiri. Na rubuta mata a allo: ba na cin kayan tsami, saboda likita ya hana ni. Ta karanta, ta sa na fassara mata kalma bayan kalma, sannan ta ce wannan gaskiya ne, kuma laifin yana kan likita. Ta haddace. Na ƙara mata tambayoyi goma da za ta yi wa abokiyar zamanta, ta haddace su ma. A mako na uku babu wadda ta kai ta a ajin. Ni da na daina sa rai da wuri tun ina budurwar malama, wannan karon na sa.

Ranar jarrabawar na raka ta a jirgin ƙasa na safe. A bakin ƙofa aka karɓi jakarta da wayarta, ni kuma aka nuna min benci. Na ga wadda aka haɗa su, wata yarinya 'yar Kafrud Dawwar mai suna Rawiya, da tsohon ciki, mahaifiyarta na riƙe da mayafinta har ƙofa. Abin da ya faru a ciki daga bakin su biyun na ji, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Batun abinci aka ba su. Baturiyar da ke jarraba su ta tambayi Ummu Ramzi abin da take dafawa, ta amsa. Ta tambaye ta wanda ba ta so, ta kawo maganar likita, har matar ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Sai aka ce su tambayi juna. Ummu Ramzi ta juya ta yi tambayarmu ta farko: me kika ci da safe?

Yarinyar ta ce da Turanci, "Ba na karin kumallo. Kofi kawai nake sha. Abin da na fi so shi ne mangwaro, ina son in sha yanzu, amma lokacinsa ya wuce." Tana faɗa tana sosa wuya, don zafi da fargaba.

Kowace uwa a ƙasarmu ta san abin da ake cewa. Mai ciki idan ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, ta sosa jikinta, siffar abin za ta fito wa jaririn a daidai wurin. Ummu Ramzi ta cafke hannun yarinyar, Turanci ya tafi.

"Kada ki sosa, 'yata! Sauke hannun! Ciki wata bakwai, a taso ki tun daga Kafrud Dawwar da kofi? Ina uwarki?"

Baturiyar ta ce a yi Turanci. Ummu Ramzi ta zura hannu a aljihun cikin rigarta, inda kullum take ajiye dabino a ƙulle cikin hankici, ta kwance, ta tura gaban yarinyar. Yarinyar ta ce a'a. A wurinmu kuwa a'a ta farko kunya ce, ta biyu ladabi, sai an kai ta uku ake fara saurare.

"Wallahi sai kin ci. Na rantse, kada ki sa ni kaffara. Mangwaron ma za a samo, akwai mai ajiyewa a firji a unguwarmu."

Sau uku Baturiyar tana cewa a koma Turanci. A na huɗu ta kashe na'urar ɗaukar murya, ta kira wani ma'aikaci. Doka ta hana magana da wani harshe, ta kuma hana miƙa wa juna komai.

Suna fitowa yarinyar na kuka, uwar ta taso.

"Ke wace irin mata ce? Wa ya ce miki yunwa take ji? Ƙwai uku ta ci da cuku da gurasa biyu, da hannuna na ba ta! Hadda ce malaminta ya ba ta, hadda! Mangwaron ma ba ta shan sa, ƙuraje yake sa mata!"

Ummu Ramzi ta dubi yarinyar. "Kin ci?"

"Na ci, Hajja."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, ta ƙulle dabinonta.

Na shiga tsakani na ba uwar haƙuri, ma'aikacin kuma ya ce za a sa wa yarinyar wata rana tunda ba laifinta ba ne. Ummu Ramzi kuwa bai sa mata wata rana ba. Na roƙe shi da Larabci, na roƙi Baturiyar da Turanci. Ta saurare ni har ƙarshe, mace ce mai kirki, ta ce ta gane, amma ba ta da ikon sake abin da na'ura ta ɗauka.

A jirgi, muna wuce gonakin auduga, na gano inda na gaza. Na koya mata yadda za ta amsa ba tare da ƙarya ba, amma ban zaunar da ita na ce abokiyar zamanta ma hadda za ta kawo ba. Wannan laifina ne, kuma na faɗa mata.

"Ko kin faɗa, Abla," ta ce, "idan na ga cikin nan, ta ina zan san wanne ne hadda?"

Sakamako ya fito bayan mako ɗaya, kamar yadda muka zata. Na buga waya Alƙahira da ko'ina, babu gurbi sai tsakiyar Disamba. Ranar ƙarshe ta Nuwamba aka kai mijinta, Abu Ramzi, gidan tsofaffi, wani ya shiga ɗakinsa.

Ta daina zuwa. Sausan ta ci tata jarrabawar, ta kawo mana alewa, amma ba ta yi tsiya ko ɗaya ba ranar. Sai wata Alhamis bayan an tashi, ina jera katunana, na ji takunta a matakala. Ta rame. Tana riƙe da littafinta da wata 'yar takarda mai lambar waya.

"Ba ya cin abinci," ta ce. "Wani ɗan garinmu ya je duba shi. Yadda aka kawo tiren haka ake mayarwa. Bakinsa ya karkace, ba sa gane maganarsa."

Na ce ta kawo lambar in yi musu bayani.

"A'a. Ki kira dai, ni zan yi."

Na kira, na nemi matar da ke kula da shi, na miƙa mata. Ta miƙe tsaye kamar a aji, ta gyara mayafi, ta faɗi sunanta da na mijinta da Turanci. Sannan ta ce, tana rarrabe kowace kalma, "Mijina ba ya son abinci mai sanyi. Ba ya son wake mai zaƙi. Ba ya son madara a shayi. Yana son miya mai zafi, da tafarnuwa da yawa. Yana son gurasa, ya yaga da hannunsa. Ba ya ci shi kaɗai. Don Allah ki zauna kusa da shi."

Ta ƙarshen ba ni na koya mata ba.

Ina jin muryar matar daga inda nake. Ta ce ta gode, za ta rubuta a takardarsa. Ta ce abincin daga wani kamfani ake kawo musu, an tsara na kowane mako, ba su da ikon canzawa, amma za ta riƙa ɗumama masa. Zama kuwa, su biyu ne a kan tsofaffi goma sha takwas, za ta yi iya ƙoƙarinta.

Ummu Ramzi ta yi godiya ta miƙo min wayar. Na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga hannu.

"Na ji, Abla. Na gane duka. Akwai kuskure a nawa?"

"Babu ko ɗaya."

"To."

Na ce mata akwai gurbi ranar sha biyar ga wata, ko don a ajiye takardar shaidar cin jarrabawar, wataƙila lauya ya samo wata hanya. Ta ce lauyan ya daina ɗaukar wayarta. Ta ajiye littafin a kan teburina, ta ce in bai wa wata sabuwar ɗaliba, akwai sauran shafuka. Kafin ta fita ta lura da allon, ta koma ta goge shi da gefen mayafinta, sannan ta sauka.