Hular Zuwaira a Kwandon Dillaliya

Shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, Kaduna ta rikice da saye-saye, kowa ka gani da sabon abu. Sanda kuwa ɗalibin kwaleji ne, yana zaune gidan baffansa a Unguwar Dosa, ƙarin nan ko ta ƙofarsa bai bi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne takalmin nan mai tudu da samari ke yayi, naira goma sha biyu cur. Ya rantse da shi zai je zance ranar Sallah wurin Zuwaira, 'yar Malam Ɗahiru na Unguwar Rimi, yarinyar da yake so kamar ransa.

Sai ya zazzage akwatinsa. Ga tsohuwar rediyo mai tari, ga agogon da ya daina motsi, ga riga da ta ɗage masa. Can ƙasa sai ga hula. Zuwaira ce ta ɗinka masa da hannunta, wata uku tana soka allura. Amma tun da gogan naka ya tara suma irin ta 'yan birni, hular ta ƙi zama. Ya jujjuya ta, ransa ya ɗan sosu, sannan ya ce ai ita Zuwairar zai burge, saboda haka ba cin amana ba ne. Ka ji hankalin ɗan boko!

Ya kira Baba Kaltume, dillaliyar unguwar, ya danƙa mata kayan.

"Baba, ki kai ko'ina, amma don Allah ban da Unguwar Rimi."

"Haba ɗan nan," in ji ta, "ni da Unguwar Rimi? Karnukansu ma sun ishe ni. Ƙafata ba ta wuce Kawo."

Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba a koya wa Sanda a aji ba shi ne, in kaya ya yi mako a hannun dillaliya bai shiga ba, abokiyar sana'a take miƙa wa, su raba la'ada. Rediyo da agogo da riga suka shige a Kawo. Hula kuwa kowa ya taya sai ta ce albarka, don Baba Kaltume ta san aikin hannu in ta gan shi. Rana ta takwas ta jefa ta a kwandon Balaraba, wadda ba ta da kasuwa sai gidajen manyan ma'aikata na Unguwar Rimi.

Kuɗi suka cika, Sanda ya sayi takalmi. Ranar Sallah da la'asar ya doshi Unguwar Rimi yana tafe kamar mai tsallaka kwata, sau biyu yana gurɗewa, amma murna fal cikinsa.

Yana tura ƙyauren gidan sai ya tarar da Malam Ɗahiru zaune kan tabarma a gindin mangwaro. Dole ya tuɓe takalmin tun daga bakin ƙofa, ya ƙarasa da safa, ya tsuguna. Da ya ɗago kai zai yi barka da Sallah, sai me zai gani? Hular ce zaune daram a kan dattijon.

"Ka ga goron Sallata?" in ji Malam Ɗahiru, ya ciro ta yana nuna masa. "Zuwaira ta ba ni jiya. Ta ce wata uku ta yi tana ɗinka ta. Dubi hannu, Sanda. Duk wanda ya auri yarinyar nan ya huta da sayen hula."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Sanda. "Ta yi kyau ƙwarai."

Kunya da nadama suka rufe shi. Amma ya riƙe fata ɗaya: dattijon bai san komai ba, in Zuwaira ta fito zai ba ta haƙuri, ko da zai aske sumar a gabanta.

Malam Ɗahiru ya waiwaya ya ɗaga murya. "Zuwaira! Ga Sanda ya zo."

Can sai muryarta ta fito daga bayan labule, a natse, cike da ladabi.

"Baba, ka ce masa ba na nan."